Angkor: Hotunan sama sun sake buɗe muhawara kan faɗuwar birnin Khmer

Littattafan tarihi da dama sun ajiye 1431 a matsayin shekarar da birnin Angkor na ƙasar Kambodiya ya mutu. A cewarsu, a wannan shekara ce dakarun daular Ayutthaya, daga ƙasar da a yau ake kira Tailan, suka far wa birnin, sarki da fadawansa suka tsere zuwa kudu, daji kuma ya haɗiye abin da ya rage.

Sai dai binciken da aka shafe shekaru kimanin 30 ana gudanarwa da na'urorin da ke hango ƙasa daga sama, tun daga kumbon Amurka har zuwa jirgin sama mai saukar ungulu, ya sa wannan labari ya fara tangal-tangal.

Na'urorin sun nuna cewa birnin ya ninka girman da ake zato sau da yawa, kuma rayuwarsa ta rataya ne a kan wani tsari mai sarƙaƙiya na tafkuna da magudanan ruwa, wanda daga baya ya farfashe. Abin da na'urorin suka kasa nunawa shi ne lokacin da kowace ɓarna ta auku. A kan wannan giɓi ne masana ke ja-in-ja a yanzu: shin lalacewar hanyoyin ruwa ce ta kori masu mulki daga birnin, ko kuwa tafiyar masu mulkin ce ta bar hanyoyin ruwan suka lalace?

Birnin da ido bai iya gani ba

Akasarin masana na ƙirga kafuwar daular Khmer daga shekarar 802, lokacin da Jayavarman na Biyu ya ayyana kansa sarki a kan tsaunin Kulen. Kafin ƙarshen wannan ƙarni Sarki Yasovarman na Ɗaya ya kafa fadarsa a filin da ke tsakanin tsaunin da kuma babban tafkin Tonle Sap, wato wurin da ake kira Angkor.

A nan ne Suryavarman na Biyu ya gina haikalin Angkor Wat a rabin farko na ƙarni na 12, domin bautar Vishnu na addinin Hindu. A nan ne kuma Jayavarman na Bakwai, mabiyin addinin Buda da ya hau gadon sarauta a 1181, ya kewaye birninsa na Angkor Thom da ganuwa mai kusurwa huɗu, kowane ɓangare kimanin kilomita 3.

Matsalar masu bincike ita ce mutanen Khmer sun keɓe dutse da tubali ga wuraren ibada. Gidajen talakawa na itace ne da jinka, hatta fadar sarki galibinta katako ce. Ruwan sama da gara sun cinye duk wannan. Wanda ya shiga dajin da ƙafa ba ya ganin komai sai haikalai jefi-jefi a tsakanin itatuwa, don haka aka daɗe ana nazarin Angkor tamkar tarin gine-ginen bauta, ba garin da mutane suka rayu a ciki ba.

Wani masanin Faransa mai suna Bernard-Philippe Groslier na daga cikin waɗanda suka fara ɗaga kai daga duwatsun. Ya yi amfani da hotunan jirgin sama, kuma a wata maƙala da ya wallafa a 1979 ya kira Angkor birnin da aka gina a kan sarrafa ruwa. A ganinsa manyan tafkunan da ake kira baray su ne suka ba birnin damar noman shinkafa mai yawa, kuma cikewarsu da laka, sakamakon sare dazuzzuka, ita ce ta durƙusar da shi.

Wasu masana sun yi watsi da wannan ra'ayi. Sun ce babu shaidar cewa tafkunan na da mafitar da za ta kai ruwa gonaki, saboda haka manufarsu ta addini ce da nuna isar sarauta.

Ba a sami damar raba gardamar ba. Yaƙi ya tilasta wa Groslier barin ƙasar, gwamnatin Khmer Rouge ta yi mulki daga 1975 zuwa 1979, kuma faɗace-faɗace suka ci gaba har cikin shekarun 1990. Nakiyoyin da aka binne a dazuzzuka, musamman a tsaunin Kulen, sun sa yawo da ƙafa ya zama kasada ko bayan an ajiye makamai.

Daga kumbo zuwa hasken lesa

A 1994 kumbon Endeavour na hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ya ɗauki hoton yankin Angkor da na'urar rada. A shekara ta 2000 kuma wani jirgin hukumar ya sake shawagi a kan yankin ɗauke da wata radar da ta fi ta farko iya tantance ƙananan abubuwa.

Rada tana aika igiyoyi ne zuwa ƙasa ta kuma karanta yadda suka dawo. Bambancin danshi, da irin tsiron da ke wuri, da ɗan tudu ko kwari, duk suna sauya abin da ke dawowa. Ta haka tsohuwar magudanar da ta cike da ƙasa shekaru ɗaruruwa ke fitowa a hoto kamar layin da aka ja da alƙalami, ko da manomin da ke shuka a kanta bai san da ita ba.

Masu bincike daga Jami'ar Sydney ta Ostireliya, da cibiyar Faransa ta nazarin Gabas Mai Nisa, EFEO, da hukumar APSARA ta Kambodiya mai kula da wurin, sun haɗa waɗannan hotuna da taswirar da Christophe Pottier ya zana a shekarun 1990 ta hanyar hotunan sama da kuma zagayawa ƙauye-ƙauye. Sakamakon ya fito a 2007 a mujallar PNAS, ƙarƙashin jagorancin Damian Evans da Roland Fletcher da abokan aikinsu.

Taswirar ta nuna matsuguni guda da ya mamaye fiye da murabba'in kilomita 1,000, hanyoyi da magudanai sun ɗinke shi wuri ɗaya. Ba cunkushe yake ba. Gidaje ne a kan tuddan ƙasa, da kududdufai, da ƙananan wuraren ibada, da gonakin shinkafa a tsakaninsu. Masu binciken suka ce shi ne matsuguni mafi faɗi irinsa da aka sani a duniya kafin zamanin masana'antu.

Amma rada ba ta iya ratsa dajin da ya yi duhu sosai, kuma tsakiyar birnin, inda manyan haikalai suke, a ƙarƙashin irin wannan daji yake.

A nan ne na'urar lidar ta shigo. Ana ɗaura ta a jikin jirgi, tana harba ɗigon hasken lesa dubbai a cikin daƙiƙa guda, tana kuma auna lokacin da kowane ya ɗauka kafin ya dawo. Akasarinsu ganye suke bugawa, amma wasu na samun kafa su isa ƙasa. Daga nan kwamfuta ke share duk abin da ya bugi itace, ta bar siffar doron ƙasa tsirara.

A watan Afrilun 2012 jirgi mai saukar ungulu ya auna murabba'in kilomita 370 da wannan na'ura, a Angkor da tsaunin Kulen da kuma Koh Ker. A 2015 aka sake yin wani aunon da ya kai kimanin murabba'in kilomita 1,900, da tallafin kuɗi daga majalisar bincike ta Tarayyar Turai.

Gani ya kori ji. A cikin ganuwar Angkor Thom, inda ido ke ganin kurmi kawai, sai ga tituna a miƙe sun ratsa juna, da unguwanni, da kududdufi a kusan kowane gida. Tsarin bai tsaya a bakin ganuwa ba. Ya zarce waje har ya kai kimanin murabba'in kilomita 35, alhali filin da ganuwar ta kewaye bai wuce 9 ba. A harabar Angkor Wat ma an ga jerin tuddan gidaje da kududdufai. A kan tsaunin Kulen kuwa an ga shimfiɗar Mahendraparvata, birnin da a da ba a san shi sosai ba sai ta rubuce-rubucen kan dutse da wasu 'yan haikalai.

Wani nazari da Sarah Klassen ta jagoranta, wanda ya fito a 2021, ya haɗa waɗannan taswirori da sakamakon haƙa, ya kuma ƙiyasta cewa a ƙarni na 13 mutum dubu 700 zuwa dubu 900 ne ke zaune a yankin Angkor baki ɗaya.

Inda ruwa ya ƙwace

Ƙasar Kambodiya tana da damina mai ƙarfi ta kusan wata shida da kuma rani mai tsawo. Duk wanda zai tara jama'a masu yawa a irin wannan wuri wajibi ne ya san yadda zai kawar da ruwa idan ya yi yawa, ya kuma riƙe shi idan ya yi ƙaranci.

Taswirorin sun nuna cewa tsarin ruwan Angkor kashi uku ne. A arewa akwai datsi da magudanai masu tare ruwan da ke gangarowa daga tsaunin Kulen suna karkatar da shi. A tsakiya akwai tafkunan ajiya, waɗanda mafi girmansu, Baray ta Yamma, ke da tsawon kimanin kilomita 8 da faɗin sama da kilomita 2. Ba haƙa ta aka yi zuwa ƙasa ba, ganuwar ƙasa aka tayar ta kewaye ruwan. A kudu kuma akwai magudanan da ke rarraba ruwan ko su zubar da rararsa zuwa tafkin Tonle Sap.

An kuma gano mashiga da mafita a jikin tafkunan, abin da ya raunana hujjar masu cewa na ado ne da ibada kawai. Wannan bai hana su kasance da ma'anar addini ba, domin a tsakiyar manyan tafkunan akwai haikali. A wurin sarakunan Khmer, bisa ga dukkan alamu, babu wani shamaki tsakanin biyun.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne tabon ɓarna. Kogin Siem Reap da ke ratsa yankin a yau asalinsa magudana ce da mutane suka haƙa. Ruwa ya zaizaye ta har gindinta ya nutse mitoci da dama ƙasa da inda yake a da. Da zarar haka ta faru, ruwan ya daina kaiwa bakin magudanan da ke ɗibarsa zuwa tafkuna, ya riƙa wucewa ta ƙarƙashinsu kai tsaye. Yashin da ya kwaso kuma ya je ya toshe manyan magudanan kudu.

A arewa an tono ragowar wata babbar mafitar rarar ruwa da aka gina da dutse, wadda ambaliya ta yaga. Gabas da Angkor Thom kuma akwai gadar da ake kira Spean Thma, wadda aka gina da duwatsun da aka kwaso daga tsofaffin haikalai. A yau tana tsaye a kan busasshiyar ƙasa, kogin ya kauce mata ya bi ta gefe. Gada ce da ke nuna mutane suna faci da abin da ke hannu, ruwa kuma yana ƙin bin umarni.

Ruwa ba ya tsami banza, kuma an samo wani ɓangare na dalilin a wajen Kambodiya. A 2010 Brendan Buckley na Jami'ar Columbia da abokan aikinsa suka wallafa nazarin da'irorin da ke cikin kututturen wasu tsofaffin itatuwa a tsaunukan kudancin Biyetnam. Kowace da'ira shekara guda ce, mai faɗi idan an sami ruwa, siririya idan an yi fari. Itatuwan sun ba da tarihin damina na sama da shekara 750.

Sun nuna fari mai tsawon gomman shekaru a tsakiyar ƙarni na 14, da wani kuma a farkon ƙarni na 15. A tsakani da bayan haka an sami damina masu tsananin ƙarfi fiye da kima.

A 2018 Dan Penny na Jami'ar Sydney da wata tawaga suka zuba taswirar magudanan Angkor a kwamfuta, suka gwada abin da zai faru idan ambaliya ta wuce wani mizani. Sakamakon ya nuna cewa ɓarna a 'yan mahaɗai kaɗan na arewa tana iya bin tsarin gaba ɗaya, domin kowace magudana ta dogara ne da wadda ke samanta. Tsarin da aka yi ƙarni biyar ana ƙara masa rassa ya yi girman da sauya masa fasali ya zama jan aiki.

Wannan bayani ya sami karɓuwa ƙwarai a kafofin yaɗa labarai, kuma ba abin mamaki ba ne. Duniyar da ke fargabar sauyin yanayi ta ga kanta a madubi: babban birni, kayan more rayuwa masu tsada, da yanayin da ya juya masa baya.

Hoton sama ba ya ɗauke da kwanan wata

Sai dai akwai wani rauni da masu amfani da lidar su kansu suke amincewa da shi. Na'urar tana nuna duk abin da aka taɓa yi wa doron ƙasa a faifai guda. Datsin da aka yi a ƙarni na 9 da wanda aka yi a ƙarni na 13 suna fitowa kafaɗa da kafaɗa, kamar a rana ɗaya aka gina su. Ana iya gane cewa wannan hanya ta ratsa ta kan waccan, saboda haka ta biyo bayanta, amma ko da shekara goma ne ko da ɗari biyu, hoton ba zai faɗa ba. Haka nan ba zai faɗa ko akwai mutum a cikin gida a ranar da ambaliya ta zo ba.

Don haka sai da aka koma ga laka. A 2019 Dan Penny ɗin dai, tare da wasu masana, suka fitar da sakamakon nazarin taɓon da suka zaro daga ramin ruwan da ya kewaye ganuwar Angkor Thom. Taɓon yana taruwa ne sannu a hankali, yana adana ƙurar furanni da burbushin gawayi da ƙasar da ruwa ya wanko. Yawan gawayi alama ce ta girki da ƙone-ƙone, ƙurar furanni kuma na nuna ko gonaki da lambuna ne a kusa ko daji.

Abin da suka gani shi ne alamun hada-hadar mutane a tsakiyar birnin sun fara raguwa tun cikin shekarun farko na ƙarni na 14, wato fiye da shekara 100 kafin 1431, kuma kafin farin da itatuwan Biyetnam suka nuna ya kankama. Zuwa ƙarshen ƙarnin ciyayi masu yawo a kan ruwa sun rufe ramin, alamar cewa an daina yashe shi.

Idan haka ne, to labarin ya juya. Masu mulki da attajirai sun fara janye jiki tun magudanai na aiki. Da ambaliya ta zo, ta tarar babu mai ikon tara dubban ma'aikata domin gyara, ko kuma babu mai ganin gyaran ya cancanci wahalar. Ɓarnar da ake gani daga sama za ta zama sakamakon tafiyar, maimakon sanadinta.

Wannan hujja ma tana da iyaka, domin daga wuri guda aka zaro taɓon, a birnin da ya kai murabba'in kilomita 1,000. Kuma ɗan aiken Sin Zhou Daguan, wanda ya zauna a Angkor daga 1296 zuwa 1297, ya bar bayanin birni mai kasuwanni da bukukuwa da fada mai alfarma, 'yan shekaru kaɗan kafin lokacin da ake cewa raguwar ta fara. Mai yiwuwa abubuwan biyu sun ciyar da juna ne: tafiyar wasu ta rage gyara, rashin gyara ya sa ambaliya ta yi muni, munin ya ƙara korar waɗanda suka rage.

To me ya ja su kudu? Masana tarihi sun daɗe suna nuni da ciniki. Daga ƙarni na 14 kasuwancin teku da ƙasar Sin ya bunƙasa, kuma yankin da birnin Phnom Penh yake a yau, inda kogin Mekong ya haɗu da na Tonle Sap, ya fi Angkor dacewa da jiragen ruwa nesa ba kusa ba. A daidai wannan zamani kuma tafarkin Theravada na addinin Buda ya bazu a tsakanin jama'a, tafarkin da ba ya buƙatar manyan haikalan dutse da dubban masu yi musu hidima.

Aunon 2015 ya ƙara wani abu a kan wannan. An bi ta kan Longvek da Oudong, garuruwan da suka zama fadar sarakunan Khmer bayan Angkor, ba a kuma ga alamun matsugunai masu yawan da za su ɗauki dubban ɗaruruwan 'yan gudun hijira ba. Damian Evans, wanda ya rasu a 2023, ya kafa hujja da wannan cewa babu wata ƙaura ta gayya da aka yi a dare ɗaya. Ko da yake a nan ma akwai buƙatar taka-tsantsan, tun da lidar tana ganin mutanen da suka tara ƙasa ne kawai. Wanda ya kafa gidansa a kan dirkoki a bakin kogi ba ya barin tudun da za a hango.

Ita kanta shekarar 1431 ta fito ne daga kundayen tarihin sarauta da aka rubuta da daɗewa bayan aukuwar lamarin, waɗanda kuma ba su yi ittifaƙi da juna ba, kamar yadda masanin tarihi Michael Vickery ya nuna tun a shekarun 1970. Wannan ba ya nufin ba a yi yaƙi ba. A wani wurin ibada da ke birnin Mandalay na ƙasar Myanmar akwai wasu mutum-mutumin tagulla na Khmer, waɗanda ake kyautata zaton ganima ce da aka kwasa daga Angkor zuwa Ayutthaya, daga can kuma wasu mayaƙan suka sake kwashe su. Mayaƙan Ayutthaya sun zo, amma ga alama birnin da suka tarar ya riga ya fara zama kufai.

Darasin Koh Ker

Akwai ƙaramin misali da ke nuna irin wannan tarko. Koh Ker, da ke arewa maso gabashin Angkor, ta zama fadar daular daga 928 zuwa 944, a zamanin Jayavarman na Huɗu da ɗansa, kafin mulki ya koma Angkor.

Lidar ta nuna wani datsi mai tsawon kimanin kilomita 7 da aka gina a arewacin garin domin tare kogi. Nazarin da aka yi da hotunan, da kuma wata radar da ake ja a ƙasa tana leƙa abin da ke binne, ya nuna cewa mafitar da aka yi wa datsin ta yi ƙanƙanta, ruwa ya haura ta kansa ya fasa shi ba da jimawa ba bayan kammala shi. Nan take aka sami labari mai daɗin faɗi: sarki ya yi aikin nuna isa, injiniyoyinsa sun yi kuskure, fada ta tashi.

Amma nazarin laka da aka wallafa a 2018 ya nuna cewa mutane na zaune a Koh Ker ƙarnoni kafin Jayavarman na Huɗu, kuma sun ci gaba da zama ƙarnoni da dama bayan tashin fadar. Tashin fada daban, mutuwar gari daban. A 2023 hukumar UNESCO ta sanya Koh Ker cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

Birnin da bai taɓa ɓata ba

Wannan muhawara ba ta tsaya a ɗakunan karatu ba, domin labarin birnin da ya ɓace yana da nasa tarihin siyasa.

Bafaranshen nan Henri Mouhot ya ziyarci Angkor a 1860, kuma bayanan tafiyarsa da aka buga bayan mutuwarsa suka sa Turai ta ɗauke shi a matsayin wanda ya gano wurin. Alhali a ƙarni na 16 Sarki Ang Chan ya sa an ƙarasa wasu sassaƙe-sassaƙe a bangon Angkor Wat. Wani malamin Kirista ɗan Fotugal ya ziyarci wurin a 1586, kuma har yau akwai rubutun tawada da wani maziyarci ɗan Japan ya bari a jikin ginin a 1632. Limaman Buda ba su taɓa barin haikalin ba. Haƙar da Alison Carter da Miriam Stark da abokan aikinsu suka yi a tuddan da lidar ta nuna a harabar Angkor Wat ta gano cewa an zauna a wurin har cikin ƙarni na 17 ko na 18, duk da cewa akwai wani tsaiko a tsakani.

Labarin al'ummar da ta manta da gadonta har sai da baƙo ya zo ya tono mata shi ya yi wa mulkin mallaka daɗi, musamman bayan 1907, lokacin da Siyam ta miƙa lardin da Angkor yake ga Kambodiya da ke ƙarƙashin Faransa.

A yau tambayar ita ce ko su wane ne ke da haƙƙin zama a wurin. UNESCO ta sanya Angkor cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 1992, da yankin kariya na kimanin murabba'in kilomita 400, wanda aka shata tun kafin rada da lidar su nuna ainihin faɗin birnin. Wani babban kaso na tsohon matsugunin yana wajen wannan iyaka, inda garin Siem Reap ke ta faɗaɗa, otal-otal kuma ke zuƙar ruwan ƙarƙashin ƙasa, lamarin da masana suka sha yin gargaɗin cewa zai iya shafar yashin da haikalan ke zaune a kai. A 2019 kaɗai baƙi 'yan ƙasashen waje sama da miliyan 2 ne suka sayi tikitin shiga wurin.

Hukumar APSARA ta gyara wasu sassan tsohon tsarin ruwan, ciki har da sake cika Baray ta Arewa da ta daɗe a bushe, tana kuma amfani da su wajen rage ambaliya da ajiye ruwan rani. Baray ta Yamma kuwa har yanzu manoma na ban ruwa da ita.

A cikin yankin kariyar akwai ƙauyuka sama da 100. Daga 2022 gwamnatin Kambodiya ta fara kwashe iyalai kimanin dubu 10 zuwa sababbin matsugunai, mafi girmansu shi ne Run Ta Ek, mai nisan sama da kilomita 20 daga haikalan. Gwamnati ta ce mutanen sun tashi ne bisa raɗin kansu, kuma waɗanda abin ya shafa sun yi gine-gine ne ba bisa ƙa'ida ba, abin da ke barazana ga matsayin wurin.

Ƙungiyar kare haƙƙin bil'adama ta Amnesty International, a wani rahoto da ta fitar a watan Nuwamban 2023, ta ce korar dole ce aka yi ta hanyar barazana, kuma wasu daga cikin iyalan sun shaida mata cewa kaka da kakanni suke zaune a wurin. UNESCO ta ce ba ta taɓa neman a tayar da kowa ba, ta kuma buƙaci gwamnatin Kambodiya ta gabatar mata da bahasi a rubuce.